Zif a Wandon Kaka Rasmus

Bergen, Satumba 1954

Goggo Gunvor, wai da gaske ne saboda maɓallin wando za ku kai Kaka Rasmus gidan gajiyayyu?

Yi haƙuri, na fara da faɗa ban ko gaishe ki ba. Ina gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ciwon bayan ya yi sauƙi, Kaka ma yana lafiya, da tumaki da kowa na tsibiri. Ni ƙalau nake, in ban da ruwan sama. Tun da na zo garin nan safata ba ta taɓa bushewa ba, kuma har yanzu in na fito daga shago sai na nemi inda teku take kafin in gane hanyar masaukina.

Magnar na jirgin wasiƙa na gamu da shi a kasuwar kifi, shi ya gaya mini. Ya ce yatsun Kaka sun ƙage gaba ɗaya, ba ya iya saka maɓalli balle cirewa. Ya ce ya daina shan gahawa da safe don kada fitsari ya matse shi alhali kina rumfar gishirin kifi, haka zai zauna baki a bushe har ki dawo, in kin dawo kuma ba ya yarda ki taɓa masa wando. Ya ce fitsari ya kufce masa a ɗakin addu'a, tun ranar bai sake leƙawa ba. Kuma wai nas ta samo masa gado can ƙetaren ruwa, kafin Kirsimeti za a tafi da shi. Magnar yana faɗa yana cin kifinsa hankali kwance. Ni kuwa na ajiye nawa.

Goggo, mutumin da ya koya mini ɗaura ƙugiya ƙanƙara na zuba a kanmu? In aka raba shi da tagar nan da yake kallon jirage, ba zai kai ƙarshen hunturu ba, ke ma kin sani.

To ga abin da na aiko cikin takardar nan. Kada ki jefar, ba sarƙar agogo ba ce. A shagon Maigida Hovland tela aikina shara da guga da ɗauko gahawa. Ranar da na fara ganin abin nan a jikin wani siket na ɗauka ɗinki ne ya lalace, na kama da hannu biyu zan raba, Maigida ya buga mini sandar awo a yatsu ya ce, “Ɗan tsibiri, wannan ba bakin kifi ba ne.” Sai ya kama ɗan ƙarfen nan na sama ya ja. Goggo, ya buɗe. Ya sake ja, ya rufe. Ba maɓalli, ba kafa, ba komai, haƙora ne kawai ke shiga tsakanin haƙora. Na tsaya baki buɗe har ya ce ko ni ma a sa mini ɗaya.

Maigida yana ce masa makulli mai zamewa, haka kowa ke cewa a nan. Amma Ragna, tsohuwar da ke teburin siket, ta yi zaman Amurka da mijinta kafin ya rasu, ita zif take cewa. Na tambaye ta ma'anarsa, ta ce ba shi da wata ma'ana, kukansa ne kawai. Ta ja mini shi kusa da kunne, kuma gaskiyarta, haka yake cewa. Ta ce a can wani takalmin roba na shiga ruwa aka fara kira haka, daga baya sunan ya bar takalmin ya bi abin da ke rufe shi. Ban gane yadda suna ke barin abu ya bi wani ba, amma ita ta je, ni ban je ba.

Ita ta ba ni wannan, daga wata tsohuwar riga ta cire. Ki farke maɓallan wandon Kaka ki ɗinka shi a wurin. Ja ɗaya ne, ko yaro ya iya. Sai ki gaya wa nas ta ba wani gadon.

Naki,
Ottar

Tsibiri, Oktoba 1954

Ottar ɗan ɗan'uwana,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna nan lafiya, bayana yana nan yadda ka bar shi, kakanka yana cin abinci. Tunkiyar nan mai baƙin kunne ta faɗa tsakanin duwatsu, mun yanka ta.

Wata uku ka yi a birni har ka iya buɗe takarda da titsiye manya. In ka shekara ban san me za ka zama ba. Magnar kuwa bari ya zo, zan ji ko wasiƙa aka ɗauke shi kaiwa ko gulma.

Abinka ya iso. Ka auna shi kuwa kafin ka aiko? Ya kai tsawon hannuna. Wandon mutum kake nufi ko bakin buhun dankali? Na ɗauko almakashin askin tumaki na rage shi sama da ƙasa daidai wurin. Ina ja, ɗan ƙarfen ya fice ta ƙarshe, ya yi tsalle ya shige tsagar katakon ƙasa. Yana can ƙarƙashin gida tare da ɓeraye. Abin da ya rage tsumma biyu ne masu haƙora, na yi na yi su haɗu sun ƙi. Kakanka ya ɗora su a tebur ya daɗe yana kallo, ya ce ƙayar bayan kifi ce aka yi da tagulla, ya tambaya ko ita mazan birni ke sawa a gaba yanzu.

Na nuna wa Lekve, tunda shi ke jan addu'a, ba na son in sa wa ubana abin da za a yi ta magana a kai. Ya juya shi da ɗan yatsa ɗaya, ya ce shi a saninsa mutumin kirki ba ya gaggawar kwance wando.

Yanzu ka saurara. Ubana ne kafin ya zama kakanka. Kana tsammanin daɗi nake ji? Ina tsaye cikin gishiri wuni guda hankalina yana gida. In dawo in tarar da shi leɓe a tsage, in ce Baba kawo in taimaka maka, ya juya mini baya ya ce shi ba jariri ba ne, kuma ba 'yar da ya haifa ce za ta kwance masa wando ba. Anfinn maƙwabcinmu kaɗai yake bari, shi kuma hannun nasa bai fi na kakanka ba. Ran nan na same su a bakin ban ɗaki su biyu a kan maɓalli ɗaya, suna zagin juna, ruwa na dukansu. A gidan can akwai maza ma'aikata, wannan ne kawai dalili, ba wai na gaji da shi ba. Ko da yake na gaji.

Nas za ta dawo farkon Disamba. Ka riƙa sa safa biyu, ka daina aiko mini da ƙarafa.

Goggonka,
Gunvor

Bergen, Oktoba 1954

Goggo,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Na ji maganar tunkiya, Allah ya mayar da alheri. Mura ta kama ni amma ta sake ni.

Kin yanke. Goggo, kin yanke shi da almakashin tumaki. Na karanta wa Ragna wurin, ta ajiye allura ta rufe fuska da hannu, na ɗauka kuka take. Akwai ɗan ƙarfe a sama da wani a ƙasa, su ke tare shi kada ya fita, kamar dutsen da ake tokare kwale-kwale da shi a gangare. Su kika yanke. Ni ban san sai an gaya wa mutum kada ya yanke ba.

Maganar Lekve kuma na juya ta na juya ban gane ba. Ni gaggawar rufewa nake magana. Wanda ya yi rabin wuni wandonsa a buɗe yana neman kafar maɓalli, da wanda ya rufe nan take, wa ya fi kunya? Kada ki gaya masa ni na ce.

Na yi wa Maigida bayani, yana yanka yadi bai ko ɗago ba. Ya tambayi irin wandon, na ce irin namu, mai ƙofa a gaba da ake saukewa, maɓallai jere a sama. Ya ce rabonsa da ganin irin wannan tun a jikin gawar kakansa, kuma shi ba zai ɓata almakashinsa a ulun ƙauye ba. Na tsaya ban tafi ba. Ya ce me kuma. Na ce ko zai bar ni in yi da kaina a keken ɗinkin Ragna lokacin abincin rana. Ya ce, “Kai da ko aljihu ba ka taɓa ɗinkawa ba?” Na ce na ɗinka ragar kifi. Ya ce in ɓace masa da gani, abin da nake yi da lokacin abincina bai shafe shi ba, amma in na karya allura da guntun zai ɗinke mini kunne. Ragna ta ce a bakinsa wannan shi ne to.

Don haka ki aiko mini da wandon kansa. Baƙin nan na Lahadi, wanda marigayiya Kaka Malene ta saƙa ulunsa, don na san in ba shi ba Kaka ba zai sa wani ya shiga mutane ba. Ki ba Magnar, kuma kada ki yi masa faɗan sai ya karɓa tukuna.

Naki,
Ottar

Tsibiri, Oktoba 1954

Ottar,

Muna gaisuwa, lafiya muke. Ga wando.

Sai da aka yi rigima. Da kakanka ya ji za a kai shi birni a tsaga, ya zauna a kan akwatin ya ce sai dai a ɗauke su tare. Na ci gaba da aikina. Can da yamma na ga ya ajiye shi a kan kujerata a ninke, ya fita bakin ruwa.

Ka san ko wane wando ne wannan? A cikinsa ya ce a binne shi. Kakarka ta saƙa shi shekarar da aka haifi ubanka, babu wani irinsa kuma ba za a sake yi ba. In ka ɓata shi kada ka zo Kirsimeti, ka zauna can wurin Ragnarka.

Yanzu na aiki yake sawa ɗaure da igiya, ita ma ni ke ɗaurawa yana kallon rufi. Ka hanzarta, iska ta fara juyawa.

Gunvor

Bergen, Nuwamba 1954

Goggo,

Ina gaisuwa, da fatan ƙunshin nan ya same ku lafiya. Ni lafiya, yatsuna ne duk huji. Kafin ki buɗe baki ki bari in faɗa.

E, zif biyu ne. Ni a siket kaɗai na ga ana sa shi, a gefe, haka Ragna ta koya mini. To na sa ɗaya a wannan gefen ƙofar wandon, sai na ga ɗaya gefen yana lilo, na sa masa shi ma. Na ɗinka na farke, na ɗinka na farke, har Ragna ta ce in na ƙara ulun zai koma raga. Ulun nan kuwa tauri kamar katako. Allura ta karye, Ragna ta ɓoye guntun a aljihunta, kunnena yana nan.

Maigida ya zo wucewa ya ɗaga shi sama ya nuna wa kowa, ya ce ku zo ku ga siket mai ƙafafu. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Daga nan ya ja wannan, ya ja wancan, ƙofar ta sauka, ya mayar. Ya ce layin hagu ya karkace. Ban san ko yabo ba ne, Ragna ta ce in karɓa a haka.

Maɓallan ban jefar ba. Na mayar da su a sama inda suke, ado kawai, ba su riƙe komai ba. Wanda ya kalle shi a ɗakin addu'a wandon da ya sani zai gani, haƙoran suna ɓoye ƙarƙashin leɓen yadi. Ko Lekve sai ya durƙusa kafin ya gane.

Ki riƙa goga guntun kyandir a haƙoran, iskar gishiri tana sa shi cijewa. Kyandir, Goggo, ba man kifi ba. Kuma ki nisanta shi da almakashi. Ki rubuto mini ranar da ya sa.

Naki,
Ottar

Tsibiri, Nuwamba 1954

Ottar,

Gaisuwa. Lafiya muke. Wando ya iso, ɗinkin ba laifi, ni ban ga karkatar da maigidanka ya gani ba.

Bai yi ba.

Ɗan ƙarfen da ake ja, ka dube shi kuwa? Bai fi farcen jariri ba. Da yatsunka ka auna, yatsun ɗan shekara sha bakwai. Kakanka ya shiga ɗaki da wandon, ya ce in fita. Na tsaya a bayan ƙofa ina jiran kukan nan da ka cika mu da labarinsa. Numfashinsa kawai nake ji. Ya kama ya suɓuce, ya kama ya suɓuce, yatsun ba sa haɗuwa balle su matse abu ƙarami haka. Maɓalli ma ya fi shi girma. Da na gaji na tura ƙofa, na same shi zaune a bakin gado gumi na ɗiga daga haɓarsa, ƙofar wando a sauke. Bai yi mini tsawa ba, wannan ne ya fi damuna. Ya ce in rubuta maka an gode, ɗinki ya yi kyau. Ya ce in nas ta zo ba sai an yi dogon zance ba, zai bi ta.

Na sa rai, ka ji, ban gaya maka ba ne kawai. Da ka bar mu yadda muke da abin ya zo da sauƙi. Ban ce da mugunta ka yi ba. Na fara wanke masa kayan tafiya.

Gunvor

Bergen, Disamba 1954

Goggo,

Ina gaisuwa, ko da yake ban san ko ana karanta gaisuwar tawa ba. Wasiƙa nake ta aikowa, shiru. Na yi ta zuwa bakin jirage har masu dako sun san ni, suna ce mini ɗan wando. Wani ya ce iska ta hana jirgin Magnar fita, wani ya ce ya fita, wani ya ce ita nas jirginta daban. Wa zan yarda da shi?

An tafi da shi ko ba a tafi ba? Layi ɗaya ya ishe ni. In fushi kike da ni ki yi, amma ki rubuto sunan gidan in je ranar Lahadi. Kin ba shi wandon ya tafi da shi? Can za su haɗa shi da kayan mutane su dafa a tukunyar wanki, ulun ya ƙanƙance.

Na sa safar hannu ta kamun kifi, biyu, ɗaya kan ɗaya, na gwada jan zif a shago. Na kasa. Na yi ta yi har Maigida ya tambayi Ragna ko na fara taɓuwa. Ashe haka Kaka yake ji kullum. Me ya sa masu yin abin nan ba su taɓa tambayar tsoho ba? Ragna ta ba ni zobban labule guda biyu, ga su nan, a saƙala a hujin ɗan ƙarfen, yatsa zai shiga. In ya riga ya tafi ki aika masa can. Ko a can ɗin ma gara ya buɗe da kansa.

Kirsimeti kuma ban san ko ina da wurin zuwa ba.

Ottar

Tsibiri, Janairu 1955

Ottar ɗan ɗan'uwana,

Barka da sabuwar shekara. Muna lafiya. Rufin rumfar tumaki ya tafi teku, mu dai muna nan. Wasiƙunka sun iso jiya gaba ɗaya a ɗaure, na karanta su a jere, kaina har yanzu yana sarawa. Wane fushi? Wa zan ba layi ɗayan ya kawo maka, tsuntsu? Tun ƙarshen Nuwamba ko kwale-kwale bai fita ba. Iskar da ta hana wasiƙunka zuwa ita ta hana nas. Kakanka yana nan, ga shi can yana cika mini kunne.

Akwatinsa ya yi makonni a ɗaure a bakin ƙofa. Shi kuma ba damar fita, sai ya zauna da wandon a cinya yana kallonsa yadda yake kallon sama in zai fita kamu. Ran nan ya ce in sauko masa da gwangwanin manyan ƙugiyoyi. Na ce me za ka yi da su, ya ce in ji da tukunyata. Ya sa na kira masa Anfinn. Wuni suka yi a rumfa, ɗaya ya danne ƙugiya da gwiwa, ɗaya yana goga magagari da hannu biyu. Ina jiyo Anfinn yana cewa tsohon banza za ka huda abin da ya rage maka, kakanka yana cewa shi dai nasa ya rage. Suka goge tsinin da ƙayar, suka kafa ta a guntun katako mai kauri da dunƙulen hannu zai riƙe, irin wadda ake ɗago babban kifi da ita cikin kwale-kwale, amma 'yar ƙarama. Da haƙori kakanka ya ɗaure ta da igiya.

Ina fere dankali na ji daga ɗaki. Zif. Na tsaya. Can na sake ji, ɗaya gefen. Ban shiga ba. Na tashi na ɗora gahawa, babbar buta. Ya fito ya zauna, ƙugiyar tana rataye a igiyar kafaɗa mai riƙe masa wando. Ya shanye butar nan shi kaɗai, sannan ya nufi ban ɗaki yana taku kamar mai zuwa karɓar lambar yabo.

Zobbanka na labule ya ce a sa wa labule.

Nas ta zo a jirgin jiya. Ya sa ta juya ta fuskanci bango, ya ce ta saurara da kyau. Ta saurara. Ta duba ƙirjinsa da ƙafafunsa, ta ce gadon akwai mai jira, za ta ba wancan, sai kuma ta ga yadda hunturu mai zuwa zai same mu. Na kwance akwatin.

Kada ka ɗauka na huta. Ya koma ɗakin addu'a. Lahadin da ta wuce ya fita tsakiyar taro ya dawo, ana cikin addu'ar shiru kowa kai a sunkuye, sai ya lura ya bar gefe ɗaya a buɗe. Ya ciro ƙugiyarsa. Ottar, har benci na ƙarshe an ji. Ji na yi kamar in nutse. Da aka tashi Lekve ya tare shi a ƙofa ya tambaye shi ko da wannan abin yake nufin a binne shi. Kakanka ya ce, “Da shi. Ran tashin matattu kana can kana neman kafar maɓalli, ni na riga na shiga layi.”

Yanzu kuma tsofaffin tsibirin nan sun mayar mini da kicin kasuwa, kowa ya zo a nuna masa. Na ba Magnar buhu ya kawo maka. Kai ka jawo, kai za ka ji da shi.

Goggonka,
Gunvor

Bergen, Janairu 1955

Goggo,

Ina gaisuwa, ki gaishe mini da Kaka da kyau. Lafiyata ƙalau. Na karanta wasiƙarki a tsaye a bakin jirgi, na zauna a kan naɗin igiya na sake karantawa, masu dako suka ɗauka rasuwa aka yi, har wani ya cire hula.

Amma Goggo, buhun nan. Ba ki ce a wanke su ba? Ina shigowa da shi shago wata mata da ake auna wa kwat ta toshe hanci ta fita. Maigida ya ce ya ƙare ƙuruciyarsa yana gina sunan shagon nan, ni na zo na mayar masa da shi rumfar kifi. Da sandar awo ya zazzage wandunan. Na Anfinn na gane shi da facinsa. Akwai wani baƙi mai kyau can ƙasa, an naɗe shi daban a takarda, ba suna. Amma wa ke da gwiwar wando da ta goge haka a tsibirinmu, in ba mai jan addu'a ba? Ba zan faɗa wa kowa ba. Ki gaya mini dai ko shi ya kawo da kansa ko matarsa.

Na ba Maigida labarin ƙugiya. Ya sa na zana masa ita a takardar yanka, ya daɗe yana kallo. Ya ce mahaifiyarsa ma hannunta ya fara. Sannan ya ce wandunan a tsakar gida zan shanya su kafin su taɓa teburinsa, kuma wannan karon layin hagu ya miƙe. Wai daga Litinin wani zai riƙa shara. Na ɗauka korata ya yi, Ragna ta ce in rufe baki in zauna a keke.

Ki tambayi Kaka ko zai yi mini ƙugiyoyi irin tasa, kowane wando da tasa, don in ba ita aikin banza zan yi. Ki ce jikansa ne ke roƙo, kuma Anfinn ya yi hankali kada ya huda kowa.

Zan tsaya nan. Maigida ya buɗe tagogi duka saboda wari, ruwa na shigowa kan yadin mutane, kuma wai ni zan kwashe. Ga shi can yana kiran ɗan tsibiri, sai na tafi.

Naki,
Ottar